Buhu uku na tsofaffin kaset: in kwashe duka ko in tsinci sanannun?

Assalamu alaikum. Tun da maganar kaset ɗin bidiyo ta ɓullo a wannan fili kwanakin baya, saƙonni ke ta shigowa daga cikin birnin Katsina, Daura, Mashi har Jibiya. Na ɗauko biyar a ciki. Kamar kullum, na sakaya sunaye.

Tambaya: Malam, ni tela ne a Sabuwar Unguwa. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu da ya riƙe shagon hayar kaset shekaru da yawa, yanzu zai tashi daga gidan da yake. Ya ce in ba shi naira 60,000 in kwashe buhu 3 na kaset, sun kai guda 250. Na duba, waɗanda na sani ba su wuce 20 ba, sauran ko sunansu ban taɓa ji ba. Abokaina sun ce in tsinci sanannun in bar mashi tarkacen. Shi kuma ya ce abin da ya rage wuta zai cinna mashi. Mece ce shawara?

Amsa: Ƙanena, abokanka sun kama lissafin a baibai. Fim irin Sangaya ko Wasila an buga shi ba adadi, ya shiga kowane gari daga Kano har Maraɗi, daga baya aka mayar da shi faifai, yau kuma ba mai tura fina-finai a bakin kasuwa da zai rasa shi. Ko naka kwafin ya ruɓe, fim ɗin yana nan da ransa. Wanda ya kamata ka ji wa tsoro shi ne wanda ka ce ba ka taɓa jin sunansa ba. Wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwa ce ta yi karo-karo ta ɗauke shi da kyamara ɗaya, aka buga 'yan kaɗan, bai yi kasuwa ba, furodusan ya karye ya koma wata sana'ar, masta ɗin kuma, wato kaset na asali da ake kwafa daga gare shi, wata rana aka rasa sabon kaset aka ɗauki bikin wani a kansa. Irin wannan, ba mamaki na cikin buhun nan ne kaɗai ya rage a duniya.

Tun daga 1990 da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano har lokacin da faifai ya ture kaset, hankalin 'yan kasuwar fim na Ƙofar Wambai da Bata a Kano yana kan sabon fitowa. Fim ya yi wata biyu, an wuce wurin. Kada kuma ka ɗauka wannan sakaci namu ne mu kaɗai. A 2013 babban ɗakin karatu na majalisar Amurka ya fitar da bincike cewa kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finan ƙasar na zamanin da ba a saka murya ba sun ɓace gaba ɗaya. Indiya da muke ganin ta iya fim, fim ɗinta na farko mai magana, Alam Ara na 1931, har yau ba a san inda kwafinsa ko ɗaya yake ba. Mu nan gida, Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya tafi. Sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Fim ɗin gwamnati ke nan, na littafin Firayim Minista. To ina ga na 'yan unguwa?

Bari in gaya maka abin da ya sa ni kaina na kamu da son waɗannan marasa suna. Shekarun baya wani kaset ya faɗo hannuna, ba kwali, sai wata 'yar takarda da aka liƙa aka rubuta suna da biro, rabinsa ya goge. Wasan barkwanci ne da aka ɗauka a cikin garin nan na Katsina. Labarin ba wani labari ba ne, muryar ma sai ka kasa kunne, don iska na ta bugun makirfo. Muna kallo a zaure da wani kawuna, aka zo inda 'yan wasan ke jayayya a bakin titi. A bayansu ga titin da faɗinsa na da, kafin a faɗaɗa shi, ga dogon yaro jere, ga wata Bafulatana da ƙwaryar nono bisa kai, ga fijo ta wuce da hayaƙi. Sai wani mutum ya ratso ta baya yana tura keke, da buhu ɗaure a kariya, ya waigo ya dubi kyamara sau ɗaya ya wuce. Kawu ya miƙe tsaye ya ce, "Tsaya! Tariyo min nan." Na tariyo. Ya matsa har gaban talabijin, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce wannan wansa ne, wanda ya rasu ba a bar ko hotonsa ɗaya a gidan ba. Daƙiƙa 4 ko 5 ce duka. Mun tariyo wurin ya fi sau goma a daren.

Manyan fina-finai sukan gyara wuri, su kori 'yan kallo, su ɗinka wa 'yan wasa sutura. Ƙananan ba su da wannan halin, sai suka ɗauki gari yadda suka same shi: ɗaurin kallabin matan lokacin, ɗinkin riga, kwanon sha, labulen ɗaki, tsohuwar naira a hannun mai shayi, da Katsinanci tsantsa wanda ba a gyara shi don kunnen Kanawa ba. Kai da kake tela, ka zauna da kaset goma na shekaru daban-daban ka dubi wuyan riga kawai, za ka ga abin da nake nufi. Har tallace-tallace da sanarwar da ake sakawa kafin fim ya fara, kada ka wuce su.

Amma fa kada ka yi cinikin biri a sama. Ka roƙi Baba ya bari a zazzage buhunan a tabarma, a inuwa. Kowane kaset yana da taga mai haske a gaba, ka leƙa ta nan. In ka ga wani farin abu kamar gari ko saƙar gizo a jikin zaren, hunhuna ce, ka ware shi gefe cikin leda tasa daban, kada ya kusanci sauran kuma kada ya shiga na'urar bidiyo, don zai ɓata hedi, wato kan da ke karanta zaren, ya shafa wa duk wanda ya biyo baya. Akwai ɗan maɓalli a gefen kaset, in ka danna shi murfin gaba zai ɗaga, sai ka dubi zaren. Mai santsi da sheƙi lafiya lau. Wanda gefensa ya yi lanƙwasa-lanƙwasa ko ya cukurkuɗe, bidiyo ta taɓa tauna shi, zai yi rawa a wurin amma sau da yawa sauran yana nan. Wanda ruwa ya kwanta a kai har zaren ya manne, wannan sai haƙuri. Ka zaɓi 10 da ka, ba waɗanda ya miƙo maka ba, a gwada su. In 7 sun nuna, cinikin ya yi. Kuɗin da ya faɗa ya kama naira 240 kowane ɗaya, kana iya neman ragi gwargwadon waɗanda suka lalace, amma kada ka matsa wa dattijo har ya ji an raina wahalarsa.

Wani abu kuma da ya fi ragin muhimmanci: ka tambaye shi littafin haya, wanda yake rubuta sunan fim da ranar da aka ɗauka. Ka tambayi kwalaye da fostoci, ko sun yage. A jikin kwali ne ake samun sunan kamfani da na 'yan wasa, wani lokaci har da shekara. Sannan ka sayi goro ka zauna da shi yini guda, kana ɗagowa yana gaya maka wa ya kawo wannan, wanne ne aka yi layi a kansa, kai kuma kana rubutawa. In ka ci karo da Kulɓa Na Ɓarna, wanda Hukumar Fina-finai ta yi a farkon shekarun 1990 daga littafin ɗan garin nan Umaru Ɗanjuma Katsina, wato Kasagi, ka riƙe shi da kyau.

Tambaya: Malam, daga Daura nake. Mahaifinmu ya rasu bara. A ɗakinsa mun samu akwatin ƙarfe cike da kaset, wasu an rubuta Samanja, wasu Karkuzu, wasu Sallar Gani, wasu ba rubutu. Akwai kuma gwangwanaye masu faɗi guda 4 da fim irin na majigi a naɗe, ɗaya yana warin tsami. Yayyena maza sun ce a ba 'yan gwangwan. Wani kuma ya ji labari ya zo ya taya duka. Ni raina bai kwanta ba.

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan Baba, ya kyautata namu zuwan. Ranki ya gaya maki gaskiya. Da farko dai wannan akwati gado ne, ba na mutum ɗaya ba ne, saboda haka ki tara 'yan'uwa a yi magana. In an ƙiyasta masa kuɗi, ki nemi a sanya shi cikin rabonki ko ki biya su nasu. Wannan ya fi a ce kin ɓoye, daga baya zumunci ya samu tabo.

Kada ki raina waɗanda aka ɗauka daga talabijin. Gidajen talabijin a ko'ina sun sha goge tsofaffin shirye-shirye don su sake amfani da kaset, har BBC ta yi haka. Akwai wani shirinsu mai suna Doctor Who da suka rasa kashi-kashi da dama nasa, sai a 2013 aka sanar da gano guda 9 a ɗakin ajiyar wani gidan talabijin a Jos. Turawa suka zo ƙasarmu neman abin da suka zubar a gidansu. To wasan Samanja ko na Karkuzu da Baba ya danna ya ɗauka wani dare, wa ya tabbatar maki akwai shi a wani wuri? Na Sallar Gani kuwa, hawa ne na shekarar da ba za ta dawo ba, da mahaya da makaɗa da 'yan kallon da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Marasa rubutun nan ma ki sa a duba su a gabanki ko gaban muharraminki, don ba mamaki bikin gidanku ne, da iyayenki mata a ciki. Wannan kaɗai ya isa dalilin da ba za a miƙa wa baƙo akwatin a rufe ba.

Kafin komai, ki duba bayan kowane kaset, akwai ɗan harshe na roba a kusurwa. Ki ɓalle shi. In babu shi, bidiyo ba za ta yarda a ɗauki wani abu a kai ba, ko yaro ya danna bisa kuskure. Ki fitar da su daga akwatin ƙarfen in yana ɗaki mai rufin kwano, don zafin watan Afrilu da Mayu na nan yankin yana cin zaren kaset a hankali, laimar Agusta kuma ita ke kawo hunhuna. Ki nemi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, in akwai ginin ƙasa ya fi, ki jera su a tsaye kamar littattafai, bisa kanta, nesa da ƙasa saboda gara, nesa da lasifika saboda maganaɗisun da ke cikinta.

Gwangwanayen su ne suka fi tsaya min a rai. Warin tsamin nan alama ce fim ɗin ya fara cin kansa, kuma tururin yana harbin na kusa da shi, don haka ki raba mai warin da sauran yau ɗin nan. Ki sa a auna faɗin fim ɗin da rula. In milimita 16 ne, irin wanda motocin majigi suka fi yawo da shi, ba mai saurin kama wuta ba ne. In ya kai milimita 35 kuma ya tsufa ƙwarai, a yi hattara, don irin wanda aka yi kafin wajen 1951 yana ci kamar fetur, ruwa ma ba ya kashe shi da sauƙi. A nesanta shi da murhu, janareta da rana. Kada kowa ya ce zai saka maki shi a tsohon injin majigi a gani, haƙoran injin za su yayyaga shi. A warware ɗan farkon kawai a ɗaga a haske, galibi sunan fim yana nan, a ɗauki hotonsa da waya. Da wannan hoton za ki tuntuɓi ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa da ke Jos, ko ki fara da gidan tarihin da ke tsohuwar Kwalejin Katsina su nuna maki hanya. Duk wanda za ki ba, a rubuta a takarda cewa aro ne ko kyauta, kuma za a ba ku kwafi.

Tambaya: Malam, ina neman bidiyo ta kallon kaset. Wani mai gyaran rediyo yana da biyu, ɗaya ta sha aiki amma tana yi, ɗaya kuma fes a kwalinta, an ce daga Amurka aka kawo ta. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Ɗauki wadda ta sha aikin, malam. Ta Amurka tsarin hotonta NTSC ne, mu kuwa kaset ɗinmu PAL ne, ba za ta nuna maka su ba. Ga shi wutarta 120 ce, tamu 230, in ka soka ta kai tsaye sai dai ka ji ƙauri. Wadda ta fi dacewa da mu 'yan bakin iyaka ita ce mai cin kowane tsari, za ka ga an jera PAL, SECAM da NTSC a goshinta. Dalili, abin da aka ɗauka daga talabijin ɗin Nijar SECAM ne, a bidiyo mai PAL zalla sai ya fito maka baƙi da fari. Ka duba kuma ko tana da LP, don mutanen da sukan ɗauki shiri a wannan saurin domin kaset mai awa 3 ya ci awa 6.

Ka tafi da kaset ɗin da ba ka jin asararsa. A saka, a tura gaba, a tariyo, a fitar, har sau biyar. In ta tauna zare ko sau ɗaya, a canza bel da robar da ke jan zaren kafin ka biya. Tun Yulin 2016 kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe, ya daina ƙera bidiyo, sabuwa ba za ta sake zuwa ba. In kana da hali ka sayi ko matacciya irin taka ka ajiye saboda kayan gyara. Kuma ka riƙe mai gyaran nan da mutunci, irinsu sun yi ƙaranci.

Tambaya: Na gani a intanet ana sayar da tsohon kaset ɗaya dubban daloli a ƙasar waje. Ina da ɗan jari, ina son in riƙa saye ina ɓoyewa har su yi tsada. Ya ka gani?

Amsa: Ban ba ka shawara ba, ɗan'uwa. Waɗanda ka gani kaset ne na fitattun fina-finan Amurka da ba a taɓa ɓare ledarsu ba, kuma kuɗin da mai kaya ya rubuta daban, wanda aka biya daban. Namu an yi haya da su har sun gaji. Masu nemansu a nan ɗalibai ne, manazarta da masu sha'awa irinmu, ba masu daloli ba. Kaset kuma ba fili ba ne da zai zauna yana jiranka, kullum raguwa yake. Abin da ya fi damuna da wannan niyya shi ne ɓoyon. Fim ɗin da kwafinsa ɗaya ya rage, ka kulle shi shekara goma ba wanda ya juye shi, ranar da ka buɗe ka tarar ya manne, ka yi asara ka kuma jawo wa kowa. Jarinka ka kai shi inda zai juya.

Tambaya: Yaya, ni ɗaliba ce a jami'a. Na tara kaset da faifan CD na tsofaffin fina-finan Hausa kusan 40. Ina son in mayar da su cikin kwamfuta in ɗora a YouTube. Me zan saya, kuma ya halatta?

Amsa: Ƙanwata, Allah ya yi albarka, wannan shi ne aikin. Faifan CD ba ya buƙatar komai, ki goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ki saka a kwamfuta ki kwafe fayil ɗin yadda yake. Ki fara da waɗanda bayansu ke da launin kore ko shuɗi, irin waɗanda aka buga a shago, sun fi saurin mutuwa, musamman in sun sha rana. Na kaset kuwa sai kin sayi 'yar na'urar da ke karɓar wayoyin nan uku, rawaya da ja da fari, ta shigar da hoton kwamfuta ta kafar USB. Masu araha ƙwarai sukan sa murya ta riga hoto, don haka ki gwada da kaset guda na awa biyu har ƙarshe kafin ki amince. Fim ɗin awa biyu awa biyu zai ci, ba gajeriyar hanya, sai ki tanadi wutar da ba za ta yanke a tsakiya ba. Kada ki yarda da mai cewa zai kafa waya a gaban talabijin. Ki ajiye babban fayil ɗin a rumbun ajiya biyu, ɗaya a gidanku ɗaya a wani gidan, kada ki dogara da wanda ya bi ta WhatsApp don an matse shi ya zube. Kaset ɗin ma kada ki yar bayan kin juye.

Ɗorawa kuma magana ce daban. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba fim kariyar shekara 50 daga fitowarsa, ke nan ko Turmin Danya bai fita daga hannun masu shi ba. Sayen kaset bai mallaka maki fim ba. Ki karanta sunayen da ke farko da ƙarshen fim, ki nemi furodusan ko magadansa. Tsofaffin fitowar mujallar Fim, wadda ta fara a 1999, za su taimaka maki wajen gane kamfanoni da shekaru, haka ma tsofaffin 'yan wasa, don sun san juna. Ki je da kwafi a hannu ki ba su kyauta kafin ki roƙi izini. Da yawansu ba su da nasu, wasu 'ya'yansu ba su taɓa ganin aikin uban ba. In sun yarda a rubuta, a kuma faɗi yadda za a yi in kuɗi ya shigo. In sun ƙi, ki ajiye don nazari, kada ki ɗora.

Shi kuma telanmu na Sabuwar Unguwa, in ka gama rubuta sunayen da ke cikin buhunan, turo min jerin in buga shi a nan, ko Allah zai sa wani ya gane nasa ko na mahaifinsa.